Tseren Motoci: Dokar Gobe Da Haƙƙin 'Yan Kallo

A cikin watan Disamba na 2024, hukumar da ke shugabancin wasannin motoci na duniya, wadda a ke kira FIA, mai mazauni a birnin Faris, ta zartar da sababbin dokoki game da irin motocin da za a riƙa shiga babbar gasar tseren daji da su tun daga shekarar 2027. Watakila mai karatu na Malam Madori ko na Haɗejiya ya ce, "To, mu ina ruwanmu? Wanda ke neman kuɗin mota zuwa kasuwar Gujungu, me ya gama shi da wasan attajiran Turai?" Wannan tambaya tana bisa hanya, kuma ta cancanci amsa.

Amsarmu ita ce akwai ruwanmu. Tseren nan ya taɓa ratsa ƙasar Hausa da ta maƙwabtanmu, an ga daɗinsa an kuma ga ɗacinsa. Ban da haka, samarinmu sun riga sun fara nasu wasan motar a kan titi, ba doka, ba alƙali. Abin da mu ke so mu jawo hankalin jama'a a kai shi ne wannan: ɗan kallo ba yawan gudun mota ke riƙe shi ba. Abin da ke riƙe shi, ya ga motar da ya sani da direban da ya sani suna gwada ƙwazo, sa'an nan ya koma gida da ƙafafunsa. Duk dokar da ta manta da ɗayan waɗannan biyu, ƙarshenta nadama.

YADDA WASAN YA KE

Bari mu fara bayyana wasan, domin ba kowa ya san shi ba. Shi wannan tsere ba a fili mai zagaye a ke yinsa ba, irin filin sukuwa na Kano. A kan hanyoyin ƙasa a ke yi, na burji da na yashi da na taɓo, har da na ƙanƙara a ƙasashen sanyi. Ba a sakin motocin gaba ɗaya. Ɗai ɗai a ke sallamarsu, da ratar 'yan mintoci a tsakani, ana riƙe da agogo. Wanda ya gama zangunan duka cikin lokaci mafi ƙanƙanta shi ne zakara. Kowace mota mutum biyu ne a ciki, watau direba da ɗan jagora. Shi ɗan jagoran yana riƙe da littafi, yana karanta wa direba hanya, ga kwana a gaba, ga rami, ga gada. A 1973 aka kafa gasar duniya ta wannan wasa, kuma har yanzu ana yinta kowace shekara.

Tun kafin nan an daɗe ana yi a Afirka. A 1953 aka buɗe tseren Safari a Afirka ta Gabas, don murnar naɗin Sarauniya Elizabeth, yana ratsa Kenya da Uganda da Tanganyika. Tafiya ce ta wajen mil 3,000, dare da rana, cikin damina. Motocin kuwa irin waɗanda a ke sayarwa a kanti ne, an ɗan ƙarfafa musu ƙafafu. A 1963 ruwan sama ya ɓata hanya har motoci bakwai kaɗai suka kai ƙarshe daga cikin fiye da tamanin, kuma Peugeot 404 ce ta zo ta ɗaya. A 1965 wani ɗan Kenya, Joginder Singh, shi da ɗan'uwansa, suka ci da wata Volvo ta hannu wadda su da kansu suka gyara. Direbobin Turai sun yi ta zuwa da kuɗi da kayan aiki, amma 'yan ƙasa ne ke ci, har sai a 1972 da Hannu Mikkola na Finlan ya karya lagon.

To, me ya sa mutanen ƙauyukan Kenya ke kwana a bakin hanya suna jiran motocin nan? Domin motar da ta wuce su cikin taɓo ita ce irin wadda za su hau gobe zuwa kasuwa. In ta kai, sun san abin da za su saya. In ta karye, sun san abin da za su guda. Peugeot 504 ta ci Safari a 1975, a shekarar da aka buɗe ma'aikatar haɗa Peugeot a Kaduna. Duk wanda ya yi wayo a wancan zamani ya san matsayin Fijo a tashoshin motarmu. Sunan da ta yi na juriya ba a takardar talla kaɗai ta same shi ba, hanya ce ta shaide ta.

Mu ma ƙurar ta iso mu. A 1974 an yi wani dogon tsere daga London zuwa Munich ta Jamus, wanda ya ƙetare Sahara ta Tamanrasset, ya iso Kano, sa'an nan ya juya arewa. Da yawa daga cikin direbobin sun ɓata a hamada saboda kuskuren da ke cikin littafin hanya. Motoci 19 ne suka ga Munich, kuma waɗansu mutanen Ostareliya ne suka ci da Citroën DS, ba kamfani a bayansu. Har wa yau darasin ɗaya ne: haƙuri da sanin hanya sun rinjayi ƙarfin inji.

SA'AD DA AKA SAKI LINZAMI

A 1982 hukumar ta kawo wata doka da a ke kira Rukunin B. Ta ce kamfani ya ƙera mota 200 kawai ta irin da ya ke so, shi ke nan ya sami izinin shiga gasa da ita. Kamfanoni suka ga hanya ta buɗe. Audi da Peugeot da Lancia da Ford suka shiga rige-rigen ƙera dodanni, jiki marar nauyi, ƙafa huɗu duk suna ja, inji mai ƙarfin doki 400, waɗansu har 500. Ba shakka jama'a sun taru irin taron da ba a taɓa gani ba. A Fotugal mutane kan cika hanya maƙil, sai mota ta taho su dare, ta wuce su koma, waɗansu ma har suna miƙa hannu su taɓa ta don a ce sun isa.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A watan Maris na 1986, kusa da Sintra ta Fotugal, wata Ford ta ƙwace ta faɗa cikin taro. Mutum uku suka mutu, fiye da talatin suka ji rauni. Manyan direbobin kamfanoni suka taru a ranar suka ce ba za su ci gaba ba. Ba a cika wata biyu ba, ran 2 ga Mayu, Henri Toivonen da ɗan jagoransa Sergio Cresto suka faɗa kwazazzabo a tsibirin Korsika cikin Lancia, motar ta kama wuta, suka ƙone. Nan take hukumar ta yanke cewa Rukunin B ya ƙare a ƙarshen shekarar.

Ga abin da ya kamata mutanenmu su lura da shi. Da aka hana motocin nan gasar duniya, Peugeot ta kwashi nata ta kawo tseren Faris zuwa Dakar, wanda aka fara a ƙarshen 1978, mai bi ta Agadas da hamadar Tenere da Yamai. Ta ci shekara huɗu a jere, daga 1987 zuwa 1990. Watau abin da aka ga ya fi ƙarfin hanyoyin Turai, shi aka sako ta ƙauyukan da ba shinge, ba asibiti kusa, ba wanda ya gaya wa yara cewa wannan motar ba irin ta kasuwa ba ce. A 1988 mota ta kashe wata yarinya a Kita ta ƙasar Mali. A 2006 an kashe yara biyu, ɗaya a Gini ɗaya a Senegal. Masu masauki da masu sayar da kaya na Agadas sun sami ciniki, wannan gaskiya ne. Amma uwar da aka kawo wa gawar ɗanta, da me za a biya ta? A 2008 aka soke tseren saboda rashin tsaro a Muritaniya, ya koma Amurka ta Kudu a 2009, sa'an nan Saudiyya tun 2020. Ƙura ta lafa, ba ta bar mana ko gareji ɗaya da za mu nuna ba.

Bayan Rukunin B sai aka dawo kan hankali. Daga 1987 doka ta ce sai motar da kamfani ya ƙera guda 5,000 a shekara ya sayar wa jama'a. Waɗansu suka ce wasa ya mutu. Bai mutu ba. A zamanin ne Lancia Delta da Toyota Celica da Subaru Impreza da Mitsubishi Lancer suka yi suna, mutane suka riƙa sayensu don sun ga aikinsu. A 1989 ma, a tseren Kwaddibuwa, wata 'yar ƙaramar Renault 5 wadda kusan yadda ta fito daga kanti aka shiga da ita, ita ta zo ta ɗaya.

INDA AKA KWANA YAU

Sannu a hankali tsada ta sake shigowa. A 2022 aka kawo motocin da a ke kira Rally1. Su waɗannan ba daga motar kanti a ke gina su ba. Ƙashi a ke haɗawa na bututun ƙarfe, a ɗora masa jiki mai kama da motar kasuwa, a sa inji, a ƙara masa wata na'urar lantarki mai taimaka masa. Ana ƙiyasta kuɗin guda ɗaya ya kusa Yuro miliyan ɗaya. Na'urar lantarkin ma an cire ta daga 2025 saboda tsadar gyaranta. Kamfanoni kuwa sun daɗe suna zamewa: Subaru da Suzuki a ƙarshen 2008, Volkswagen a ƙarshen 2016, Citroën a ƙarshen 2019. A kakar 2025 ƙungiya uku kaɗai suka rage a sahun gaba, watau Toyota da Hyundai da M-Sport mai tuƙa Ford. Sau da yawa motoci goma ne ko kusa da haka ke takarar ta ɗaya. Mutum ya yi tafiyar yini, ya hau dutse ya zauna cikin rana, manyan su wuce shi cikin rabin sa'a. Kasuwar da 'yan tireda uku ne kaɗai a cikinta, ko kayansu na zinariya ne, ba ta ci ba.

Wannan ciwo ne dokar 2027 ta zo magani. Ta ƙayyade cewa kuɗin mota kada ya wuce Yuro 345,000, watau wajen sulusin na da. Inji da waɗansu kayan za su yi kusa da na motocin sahu na biyu, waɗanda a ke kira Rally2, masu sauƙin kuɗi, waɗanda direbobi masu zaman kansu ke saye a ƙasashe da yawa. An kuma buɗe ƙofa ga masu ƙira masu zaman kansu, ba sai babban kamfani ba. Ƙashin bututun nan yana nan, kuma an yarda a ɗora masa jiki iri iri, na ƙaramar mota ko na babba.

Mun yaba da rage kuɗi, ba tare da wani ƙwauro ba. In motoci talatin na iya neman ta ɗaya maimakon goma, in ɗan Kenya ko ɗan Nijeriya mai ƙwazo na iya samun mai ɗaukar nauyinsa, to wasa ya dawo hannun masu shi. Masu kuka suna cewa motocin za su rage gudu, 'yan kallo su watse. Mu ba mu ga haka ba. Wanda ke tsaye a bakin kwana ba ya riƙe da agogo. Bambancin daƙiƙa ɗaya ko biyu a mil ido ba ya ganinsa. Abin da ya ke gani ƙura ce, da rugugin inji, da yadda direba ya karya kwana, da sanin cewa na bayan yana iya kamo na gaban. An yi wannan kukan a 1987, shekarun da suka biyo baya suka ƙaryata shi.

Inda mu ke da ja shi ne batun ƙashi da jiki. Mun san dalilinsu, kuma dalili ne mai ƙarfi: kejin bututun nan ya fid da direbobi da rai daga haɗurran da a da ba a tashi. Ba mai hankalin da zai ce a mai da mutane cikin gwangwani. Amma in ƙashi ɗaya ne ga kowa, riga ce kawai ta bambanta, me ɗan kallo zai koya game da motar da zai saya? Jaki ko an ɗaura masa sirdin sarki, mai dawaki ya gane shi. Ra'ayinmu shi ne hukumar ta tsare wa motocin da a ke ginawa daga jikin motar kanti matsayinsu, ta daidaita ƙarfi yadda za su iya karawa da sababbin, kada a bar su 'yan rakiya. Igiyar da ta ɗaure tsere da kasuwa ita ta rayar da Safari, kuma in ta tsinke, wasan zai zama na masu kallon talabijin kaɗai. Safari kansa, da ya dawo gasar duniya a 2021 bayan an cire shi tun 2002, an mai da shi kewayen Naivasha, a hanyoyin da aka rufe, zangunan agogo ba su kai mil 250 ba. An sami tsaro, amma hukuma ta yi tunanin yadda talaka zai kai wurin ya gani.

MU DAWO GIDA

Ƙasarmu ba baƙuwar wannan magana ba ce. A bikin kamun kifi na Argungu, wanda asalinsa ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ce a 1934, tseren motoci yana cikin abubuwan da a kan yi. A watan Maris na 2020 an taso daga Abuja zuwa Argungu da motocin da aka haɗa a Nijeriya, a ƙarƙashin hukumar bunƙasa ƙirar motoci wadda Jelani Aliyu ke shugabanta a lokacin. Wannan tunani ne mai kyau, domin ya komar da tsere ga aikinsa na asali, watau jarraba abin da za a sayar wa mutane.

A ƙasar Haɗejiya kuwa, gwanayen tuƙi ba su yi mana ƙaranci ba. Malam Madori gari ne da sufuri ya raya, tun sa'ad da hanyar jirgin ƙasa ta Kano zuwa Nguru ta ratsa ta nan, a ke tara gyaɗar ƙasar a tasha. Direban da ke kai a-kori-kura cike da buhuna zuwa Guri ko Kirikasamma cikin damina, ko ya haye jigayin Birniwa da rani ba tare da ya kafe ba, ya san abin da direban Safari ya sani. Makanikanmu kuwa kan tashi motar da masu ita na Turai suka yar tun shekara ashirin. Sai dai wannan baiwa tana tafiya a banza. Inda a ke nuna ta yau shi ne wajen kai amarya da ranar salla, samari suna juya mota da babur a tsakiyar gari, yara sun kewaye su suna tafi. Wannan shi ne Rukunin B namu, kuma ba sai an yi duba ba a san ƙarshensa.

Kada kuma mu ruɗi kanmu cewa taro zai tsare kansa. Abin da ya faru a Majiya ta ƙasar Taura a watan Oktoba na 2024, sa'ad da tankar mai ta faɗi jama'a suka matsa kusa, wuta ta ci fiye da mutum 150, ya isa ya nuna mana cewa in taro ya haɗu, ba kowa ke ganin haɗari ba sai ya auku. Allah Ya jiƙansu. Iyayenmu sun san wannan tun da daɗewa. A hawan salla, sa'ad da mahaya suka sako dawaki a guje za su yi jahi gaban Sarki, akwai dogarai da suka share fili, kowa ya san inda zai tsaya. Jama'a kuwa suna cika wurin kowace shekara, domin sun san mahayin, sun san gidansu, sun san dokin. Ga sani, ga tsari. Abin da hukumar Faris ke nema da kuɗi masu yawa, yana nan a ƙofar fada.

Saboda haka, in wata rana hukuma ko masu hali suka yi niyyar shirya irin wannan wasa a nan, ga shawararmu. Na farko, motocin su zama irin waɗanda ke tashoshinmu, a sa musu kejin ƙarfe da ɗamara da hular kwano da abin kashe wuta, a ƙayyade kuɗin da za a kashe, don ɗan makanike ya iya karawa da ɗan attajiri. Na biyu, a rufe hanya ɗungum, a ja igiya, a keɓe wa 'yan kallo tudu nesa da bayan kwana, a sa 'yan sanda da dogarai da ma'aikatan Hukumar Kiyaye Haɗurra, ga motar asibiti a tsaye. In taro ya ƙetare igiya, a tsai da wasa, ko wane ne ya zo kallo. Na uku, kada a ja layi a taswira sai an zauna da hakimi da dagaci da mai unguwa da arɗo. A yi bayan an kwashe amfanin gona, a kauce wa burtali, a kuma bar fadama sam, domin can ne alkama da shinkafa da albasar noman rani su ke, can ne garken shanu ke sha, can ne tsuntsayen da ke zuwa daga Turai ke sauka, kamar a dausayin Baturiya. Na huɗu, kada kwabo ɗaya ya fita daga kuɗin makaranta ko na asibiti. Masu sayar da mota da mai da taya su za su ci ribar talla, su ya kamata su biya.

Ku malaman makaranta da akawunan hukuma, aikin nan ba zai yiwu ba sai da ku. Tsere duk lissafi ne: nisa, da lokaci, da karatun taswira, da riƙon littafi ba ha'inci. Yaron da ya ƙi lissafi a allo, ku tambaye shi minti nawa mota za ta ci daga Malam Madori zuwa Gumel in tana gudun kaza, ku ga yadda idonsa zai buɗe. Ku kuma gaya masa labarin Sintra da na Kita, ya san cewa jarumtaka ba tsayawa gaban mota ba ce. Ɗaliban makarantar koyon sana'a ta Binyaminu Usman da ke Haɗejiya, da na kwalejin horon malamai ta Gumel, suna iya zama masu duba motoci da masu riƙe agogo in an koya musu.

In kuwa ba za a iya cika waɗannan sharuɗɗa ba, gara a haƙura, a kuma hana na kan titi da gaske. Wasa don mutane a ke yinsa. Hukumar duniya sai da ta binne mutane a 1986 kafin ta gyara dokarta, sa'an nan sai da fili ya kusa zama wayam kafin ta rage kuɗi. Mu da muka zo daga baya ba mu da hujjar sake biyan wannan farashi. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Allah Ya kiyaye mana 'ya'yanmu, Ya ba shugabanninmu basirar tsara abin da zai amfane mu, amin.